A daina rufe gaskiya da «zargin juna»

Jama'a, akwai wata magana da ta cika mana kunne. Ka buɗe rediyo da safe, ka ji ta. Ka je fadar mai gari, ka ji ta. Ka zauna taron kwamitin famfo ko na bankin hatsi, kafin a watse sai wani ya faɗe ta. Maganar ita ce «zargin juna». Manoma da makiyaya na zargin juna. Ƴan kwamiti na zargin juna. Miji da mata na zargin juna. Da an faɗe ta sai kowa ya gyaɗa kai, ya kakkaɓe rigarsa, ya kama hanyar gida, kamar an gama shari'a. Ni kuwa na ce ba a gama kome ba. Sau da yawa ko farawa ba a yi ba.

Kada ku ɗauka faɗa nake da kalmar. Hausa ce mai kyau, kuma tana da wurin zamanta. Faɗana da waɗanda suka ɗauke ta daga wurinta suka mai da ta faifai, suna rufe ƙwaryar da ba su so a leƙa.

Mu raba ta gida biyu, mu ga abin da ke ciki.

Na farko zargi. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda ake zarga wa akuya igiya a wuya. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ya san zarge, wanda yara ke ɗanawa su kama kurciya. Halin zarge ɗaya ne: in ya shiga wuya, ƙara ja, ƙara shaƙewa. Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ajiye zargi gida ɗaya da waɗannan. In ka zargi mutum, igiyar laifi ka jefa masa a wuya. Ba ka kama shi da kaya a hannu ba. Ba ka da shaidu tukuna. Zato ne ya yi ƙarfi a zuciyarka har ya fito ta baki. Igiyar nan tana iya faɗawa wuyan mai laifi, tana kuma iya faɗawa wuyan wanda bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka zargi dabam, ƙazafi dabam, ƙara dabam. Mai ƙazafi ya san ƙarya yake yi, ya ƙaga ta ne don ya ɓata sunan wani. Mai ƙara ya ɗauki maganarsa ya kai ta gaban mai gari ko alƙali, ya ce ga abin da aka yi mini, ga wanda ya yi, a bi mini hakkina. Ya yarda a tambaye shi shaidu, ya yarda in ya kasa a ba shi rashin gaskiya. Mai zargi yana tsakanin biyun. Bai yi ƙarya da gangan ba, bai kuma kai magana inda za a tace ta ba.

Na biyu juna. Juna ba ta zama sai da biyu, shi ya sa ake ce wa mace mai ciki mai juna biyu. Amma biyu kaɗai ba ta isa ba. Ku duba taimakon juna. In na zo gayyarka bana, ka zo tawa baɗi, mun taimaki juna. In kuwa shekara uku ina zuwa gonarka da hauyata, kai ko sau ɗaya ba ka taka tawa ba, sai dai ranar salla ka aiko mini da goro ɗaya, wa zai kira wannan taimakon juna? Ba kowa. Za a ce wane na yi wa wane bauta. Ashe juna na son abu ya tafi ya dawo, kuma abin da ya tafi da abin da ya dawo su yi kusan nauyi ɗaya.

To, ga ma'anar zargin juna ta gaskiya: mutum biyu, ko gida biyu, kowa da igiyarsa a hannu yana jefa wa ɗan'uwansa, ba mai hujjar da ta fi ta wani, kuma galibi dukansu da hannunsu cikin abin da ya lalace.

Irin wannan akwai shi, ba na musu. Rijiyar gari ta cike da rairayi. Unguwar gabas ta ce mutanen yamma ne ke kawo shanu bakinta har ta zabtare. Unguwar yamma ta ce matan gabas ne ke sakin guga da tsumma ciki. Gaskiyar ita ce shekara biyar duka suna sha, ba wanda ya shiga yasa. Nan in dattijo ya tashi ya ce «ku bar zargin juna, gobe kowa ya fito da igiya da kwando», ya yi daidai. Kalmar ta zauna wurinta, ba wanda aka cuta da ita.

Amma sau nawa haka take?

Mu ɗauki bankin hatsi, irin waɗanda aka yi ta buɗewa a ƙauyuka bayan farin 1973 da na 1984, don a sayi hatsi da kaka, a sayar wa mutanen gari da sauƙi lokacin da rumbu ya ƙare. A ce an zuba buhu 40 a mangaza. Da damina ta faɗi aka buɗe, aka tarar da 31. Mutane suka tambayi mai riƙon makulli: ina buhu 9? Ku saurari amsarsa, don kusan kullum ita ce. Ba zai ce ga inda suke ba. Zai ce: «Ku da ke tambayata, wa ya biya bashin bara? Kai wane, ba tiya 10 ake binka ba? Ke wance, ba tiya 6 ba?» Sai taro ya rikice. Wanda ake bi tiya 10 ya tsargu, ya miƙe yana rantse-rantse. Kafin a ankara an manta da buhu 9. Can sai wani babba ya ɗaga hannu ya ce: «Haba jama'a, wannan zargin juna ba zai kai mu ko'ina ba. Kowa na da laifi. A yi haƙuri.» A shafa fatiha, a tashi.

Ku duba da kyau, magana biyu ce aka cusa cikin buhu ɗaya. Bashin tiya 10 yana rubuce cikin kaye, mai shi bai musa ba, ranar biya ake jira. Buhu 9 kuwa ba su cikin kaye, ba su cikin mangaza, makulli kuma hannun mutum ɗaya yake. Buhu mai kilo 100 kusan tiya 40 ne. Buhu 9 ke nan sun kai tiya 360. An aza tiya 10 gefe guda, tiya 360 gefe guda, an ce nauyinsu ɗaya.

Dabarar tsohuwa ce. In an jefo maka igiya, kada ka tsaya kwancewa, maza jefa taka ga wanda ya jefo. Da igiya ta zama biyu, ƴan kallo za su ce ana zargin juna. Shi ya sa na ce mai laifi ya fi kowa son kalmar nan. Mai gaskiya ba ta ƙara masa kome. Mai laifi kuwa tana raba masa kayansa biyu, ta ɗora rabi a kan wani.

Masu son rufe magana suna da karin maganarsu a aljihu. Su ce: in kusu na da sata, daddawa ma na da wari. To, na ji. Amma bayan an gama karin magana, wa ke cikin cikin wa? Warin daddawa halittarta ce, tana zaune cikin tukunyarta, ba ta je ramin kusu ba. Karin maganar na da amfani in ana yi wa mai daddawa gargaɗi ta rufe tukunya. Ba ta wanke kusu ba.

Haka abin yake a cikin gida. Mace ta yi yaji da kumburarren ido. Aka je biko. Miji ya ce bakinta ne ya ja mata. Ita ta ce ya doke ta. Dattawa su ce zargin juna ne irin na miji da mata, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Gaskiya ne suna saɓawa, amma ban taɓa jin harshe ya ciji haƙori ba. Idon nan da ya kumbura kowa na ganinsa, ya wuce zargi. In tana da laifin baki, a faɗa mata nata. Shi kuma a faɗa masa nasa da sunansa. Kada a zuba su ƙwarya ɗaya a dama.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne maganar gona da bisashe, don nan hasarar ba ta tsaya ga hatsi ba, har rayuka take ci.

Kowa ya san yadda ƙasa ta matse. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗan kai a Nijar. Ta 1988 ta samu miliyan 7 da ɗan kai. Ta 2012 ta samu miliyan 17. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Gonaki sun hau daji, sun hau fadama, sun hau bakin tabki, wasu sun shiga burtali har ya koma kamar hanyar tururuwa. Saurar da ake bari ta huta, inda shanu ke samun ciyawa a da, ta ɓace a wurare da yawa na jihar Maraɗi da kudancin Damagaram. Can arewa kuma, in tabkuna sun ƙafe da wuri, makiyayi ba shi da zaɓi sai ya gangaro kudu, ko da wake da dawa na tsaye a gona. Manomi na da gaskiya in ya ce guminsa na shekara ne. Makiyayi na da gaskiya in ya ce hanyar kakanninsa ce aka toshe. A kan matsin ƙasa gaba ɗaya, ba mutum ɗaya da za a kama.

Amma ɓanna ba gaba ɗaya ake yinta ba. Gona ɗaya ce, ta mutum ɗaya, a dare ɗaya, garke ɗaya ya shiga, kuma akwai wanda ke bayan garken da sanda. Toshe burtali shi ma haka: mutum ne mai suna ya sa hauya ya wuce iyaka, a shekara kaza. In an ce «manoma da makiyaya na zargin juna», an cire laifin daga wuyan mutum ɗaya ko biyu, an shimfiɗa shi kan dubban mutane. Wannan ita ce cuta ta biyu da ake yi da kalmar, kuma ta fi ta farko muni. Ta farko mai laifi take saki. Ta biyu marar laifi take kamawa. Da zarar an daina cewa «shanun wane» an koma cewa «Fulani», an daina cewa «gonar wane» an koma cewa «Hausawa», to igiya ta yi faɗin da za ta shiga wuyan kowa. Mai neman ramuwa ba sai ya nemi wanda ya yi masa ɓanna ba. Duk rugar da ya fara tararwa ta ishe shi.

Balle ma rabon nan na manoma da makiyaya, wa ya yi shi? Wane manomi ne ba shi da akuya ko san huɗa? Fulani nawa ke noma? Garke nawa ne na alhazan birni da manyan ma'aikata, yaron da ke bayansu ɗan haya ne kawai?

Mun ga inda hanyar nan ke kaiwa. Ranar 30 ga watan Oktoba 1991, manyan ƙasa na zaune a Yamai wurin babban taron ƙasa, aka yi kisan Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji. Mutum fiye da 100 suka mutu, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Ku gaya mini, jaririn da ke goye, wa ya zarga? Wace gona ya shiga? Duk wanda zai ba da labarin Toda ya tsaya ga cewa «rikici ne, ɓangare biyu na zargin juna», ya ɓoye abin da ya fi kome girma: wa ya mutu, kuma wa ya kashe. Shekara 25 bayan haka, a watan Nuwamba 2016, aka sake yi a Bangi, cikin ƙasar Madawa. Kusan mutum 20 suka mutu.

Kada makiyayi ya ji wannan ya ce na wanke shi. Akwai wanda ke kora garke da gangan cikin waken talaka da tsakar dare, in mai gona ya fito ya zare masa takobi, kafin gari ya waye ya yi nisa. Shi ma inuwar «juna» yake fakewa. Ya san da safe ba za a ce shi ba ne, za a ce manoma da makiyaya ne.

Abin haushi, ƙasar nan ba ta rasa ma'auni ba. Tun 1961 doka ta ja iyaka tsakanin ƙasar noma a kudu da ƙasar kiwo a arewa. A 1993 aka yi dokar karkara, wadda ake kira Kod Rural. Ita ta fito da hukumomin filaye da muke ce wa Kofo, aka yi ta kafa su a hankali a gundumomi da komin da ƙauyuka. Aikinsu su san iyakar gonaki, su shata burtali da wuraren kiwo da mashaya, su ba da takarda. A 2010 aka ƙara dokar kiwo, wadda ta ce yawon kiwo hakkin makiyayi ne, ba alfarma ake yi masa ba. Kowace shekara bayan kaka, hukuma na tsai da ranar sakin gonaki, a faɗe ta a rediyo. Kafin ranar, in bisa ta shiga gona ta yi ɓanna, mai ita zai biya. Bayan ranar, wanda ya bar amfaninsa a fili shi zai tsare abinsa. A wurare da yawa an kafa turakun siminti gefen burtali, makaho ma ya shafa ya ji.

Ashe ke nan rigimar gona tana da amsa. Gonar tana cikin burtali ko wajensa? A je a duba turaku. An saki gonaki ko tukuna? A duba rana. Ɓannar taki nawa ce tsawo, taki nawa faɗi? A auna. Sawun shanun wace ruga ya nufa? Mutanen da ke bin sawun ɓarawon akuya tun daga gari har kasuwa ta uku ba za su ce sawun shanu 50 ya ɓace musu ba. Abin da ake iya aunawa da igiya da taki, don me za a kira shi zargi?

Na san abin da dattawa za su ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce: «Mushe, kai yaro ne. Mu da muke sulhu mun san abin da muke gudu. In ka tsai da mutum gaban jama'a ka ce kai ne mai laifi, ka kunyata shi, ka kunyata danginsa. Gobe kuma rijiya ɗaya za su sha, makabarta ɗaya za a kai su. Gara a raba laifin, kowa ya ɗauki kaɗan, gari ya zauna lafiya.»

Allah ya ƙara girma, na ji. Rufin asiri abu ne mai daraja, kuma ban ce a tara gari a yi wa mutum ature ba. Ana iya faɗa masa laifinsa cikin zaure, mutum huɗu kaɗai. Amma a faɗa masa. Sulhu yafewa ce, mutum kuwa ba ya yafe abin da aka ce ba a yi masa ba. In kun ce wa mai gona: «An yi maka ɓannar dami 20, wane ne ya yi, ya amsa, muna roƙonka ka karɓi 12 ka yafe 8», zai iya yafewa, har ya ji an ba shi girma. In kuwa kun ce masa: «Kai ma da naka laifi, ku bar zargin juna», bai yafe ba, danne shi aka yi. Ya tafi gida da abin a cikinsa. Miki ne fata ta rufe, mugunya na ƙasa. Baɗi in shanu suka sake gittawa, ba fada zai nufa ba, ya riga ya san abin da za a ce masa can. Gatari zai ɗauka. Faɗan nan da ke ba mu mamaki har mu ce «a kan ɗan wannan abu?», ku tona za ku tarar bashin shekara biyar ne da aka yi ta rufewa.

Sannan a duba wa ke ɗaukar rabin da aka raba. Gwauruwa mai gona ɗaya da alhaji mai garke uku, in an ce kowa ya yi haƙuri, shi haƙurinsa bai rage masa tuwon dare ba, ita haƙurinta shi ne cimakar ɗiyanta har wata damina. Baƙon makiyayi da ba shi da kowa a gari, an sare masa ƙafar saniya cikin burtali, an ce shi ma ai ya cika raɓar gonaki. Ya kora sauran ya tafi. Ku kuna cewa an yi sulhu, shi yana ƙirga garin cikin maƙiya.

Mu faɗi kuma wadda ba a son faɗi. Wasu masu sulhu, ban ce duka ba, suna karɓar goro hannu biyu. Wanda ya ci na mai gona ya ci na mai shanu, da wane baki zai ce wane ne mai laifi? «Zargin juna» shi kaɗai ne hukuncin da ba zai ɓata masa ciniki ba. Maganar da ba a kashe ba kuwa baɗi za ta dawo, da sabon goro.

Wani zai ce: wata rana fa gaskiyar ba ta samuwa, dare ne, ba wanda ya gani, iska ta share sawu. Haka ne. Alƙalai tun da suna da hanyarsu: mai ƙara ya kawo shaidu, in ba shi da su wanda ake ƙara ya rantse. In an bi duk hanya ba a gano ba, sai a ce «ba mu gano ba». Wannan magana ce ta mutunci, kuma ta bar ƙofa buɗe, ƙila gobe shaida ta fito. «Ba mu gano mai laifi ba» dabam take da «dukanku masu laifi ne». Mai faɗin ta farko ya amsa cewa ya gaza. Mai faɗin ta biyu ya shafa wa marar laifi baƙin tukunya don kada a ce ya gaza.

Masu ba da labari a rediyo su ma da tasu hujja. Su ce aikinsu kada su ɗauki gefe. To madalla. Ranar farko ƙura ba ta lafa ba, ba laifi a ce ga abin da kowane gefe ya faɗa. Amma rashin ɗaukar gefe shi ne ka auna wa kowa da tiya ɗaya. Mai awon da zai dubi tsibi babba da ƙarami ya ce daidai suke, ranar zai bar kasuwa. A faɗa mana mutum nawa suka mutu daga kowane gefe, gona nawa aka ci, burtali taki nawa aka noma. Bayan wata ɗaya a dawo a faɗa mana wa aka kama, me alƙali ya yanke. Sau nawa kuka ji an dawo?

Ga abin da nake roƙonku. In kuna zaune a taro wani ya ce «zargin juna ne», kada ku yi masa rashin kunya, amma kada ku tashi. Ku ce: «Ranka ya daɗe, mun ji. Wane me ya ce? Wane kuma me ya ce? A ɗauki ta farko a gama da ita, sannan a ɗauko ta biyu.» Igiya biyu da suka harɗe ɗaya-ɗaya ake warware su. Mai makullin mangaza ya fara faɗin inda buhu 9 suka shiga. In ya gama, a buɗe kaye a kira masu bashi da sunayensu. Ba wanda na ce a ƙyale.

A maganar gona kuma, doka ta ba sarakuna da masu gari ikon sulhu, ta ce a rubuta abin da aka yi. In an daidaita, akwai takardar sulhu. In ba a daidaita ba, akwai takardar rashin sulhu, da ita ake wucewa gaban alƙali. Ku nemi takardar nan, hakkinku ce. Kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, ku karanta. In da faransanci take, ku sa wanda kuka yarda da shi ya fassara muku ita layi-layi. Ku duba ko an rubuta ranar da abin ya faru, da wurin gonar, da girman ɓannar, da sunan mai bisashen, da abin da zai biya, da ranar biya. In makiyayi ne aka cuta, a rubuta bisa nawa aka sara, wa ya sara, a ina. In kun tarar ba kome ciki sai «an sasanta su, kowa ya yi haƙuri», ku ajiye bik, ku ce a sake rubutawa.